Shatin Yatsu a Bangon Kaka

"Lafiya lau, Amarya, gajiya ta bi lafiya. Bar gaisuwar nan haka, zo ki ga abin da na gani."

Kaka ne, tsohon tela, tsaye a lungun bayan gida da tabarau a karan hanci. Jikarsa, wadda yake kira Amarya tun tana goye, ta ajiye jakar wasanta ta matso. Gobe kocin ƙwallon hannu zai zaɓi 'yan wasan da za su tafi gasa, uwarta kuwa ta rantse in ta sake jin ƙara a kanta, ita da filin wasa har abada. Tsohon ya san da wannan sarai, shi ya sa yake wani ciccijewa.

Ya nuna bango. Shatin yatsu ne farare, kowanne ya ɗara na ƙasansa, har sun kusa kai ƙarshen katanga.

"Hannun wane ƙato ne wannan?"

"Ƙato kuma?"

"Wanda yake hauro mini gida zance da matata! Kullum da sassafe sai in ji dif, dif, ina ta cewa kunnena ne."

"Tsoho, kishi zai kashe ka. Hannuna ne. Allinka nake gogawa a yatsu, in yi tsalle in taɓa bango, in ga ko na ƙaru."

"Ke ɗin? Ke da ko kofi ne a kan kanta sai an miƙo miki?"

"Gajartar ai a wurinka na gada."

"Akwatin katakon nan fa? Ba shi gogan yake takawa ba?"

"Ni nake hawa in diro, ƙafata na taɓa ƙasa in sake tashi sama. Koci ya ce gajere in bai tashi ba, hannun masu tsaron baya zai yi ta jifa."

"Ita kuma wannan ƙwallon da aka ɗura wa yashi? Ta fasa mini kai ce ku ci gado?"

"Wane gado? Keken ɗinkin da ya girmi uwata? Ta ƙarfin kafaɗa ce. In na saba da mai nauyi, ta gasken ba za a ga wucewarta ba."

"Uhm. Bakinki ya cika zaƙi. Bari uwarki ta zo ta raba gardama."

Nan fa dariya ta ɗauke mata, don ta san uwar ba ta tsayawa bincike.

"Tsaya nan, Angona, in nuna maka da idonka. Ɗaga hannuwa sama, kai ne mai tsaron baya."

"In kin karya ni, ke za ki yi jinya."

Ya ɗaga, yana harararta. Ta ciro ƙwallon gaske daga jaka, ta ja baya, ta taho ta yi sama. Ƙwallon ta wuce ta saman yatsunsa ta daki bango, tim! Kaka ya duƙe bayan komai ya riga ya wuce, hularsa ta faɗi ƙasa.

"Kai! Ashe fara na aura ban sani ba!"

Daga cikin gida muryar uwar ta taso, babu alamar wasa a ciki: "Baba, wa yake buga mini bango da safen nan?"

Amarya ta ƙame, ido ya raina fata. Kaka ya dube ta, ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe a hankali, har sai da ta kusa kuka.

"Ni ne!" ya ɗaga murya. "Motsa jiki nake yi, an hana ni ne?"

Sannan ya tura mata ƙwallon da ƙafa, dariya na cin sa.

"Wuce ki tafi fili. In ba a zaɓe ki gobe ba, a bakin aurenki."