Yadda Za Ki Sa A Fasa Bangon Banɗakin Masu Masaukinki

Idan aikin sa-kai ya kai ki wata ƙasa, aka sauke ki a gidan mutanen kirki, kina kuma son a fasa musu bango ba tare da kin taɓa guduma ba, bi waɗannan matakai. Mako uku sun isa. Ƙanwata, malamar jinya, ta gwada, kuma ko ɗaya ba ta tsallake ba.

1. Yi alwala yadda kika saba

Wasu dattawa ne suka sauke ta, mata da miji, 'ya'yansu duk sun yi aure sun watse. Banɗakinsu a bushe yake ƙamas, har da ɗan kafet, ba inda ruwa zai bi ya fita. Kada wannan ya dame ki. Ɗaga ƙafa ki sa a kwanon wanke hannu da ke jikin bango, ki wanke har idon sawu. Ruwan zai nemi ƙasa da kansa.

2. Yi shiru

A rana ta uku matar gidan ta fito da safa jiƙe sharkaf a hannu.

"'Yata, kin lura ƙasan banɗakin nan yana tsatso ruwa?"

"Na lura, Mama," in ji ƙanwata. Ba ta yi ƙarya ba.

A nan mai gaggawa zai yi bayani. Ke dai tuna cewa a kwanon nan suke wanke baki, ki bar kunya ta yi aikinta.

3. Bar laifi ya sauka kan maigida

Maigidan, Baba, shi ne ya haɗa bututun gidan da hannunsa shekara talatin da suka wuce, kuma ba baƙon da ke tafiya bai ji labarin ba. Zai kwanta rigingine ƙarƙashin kwanon, tocila a baki. Kada ki tsaya kallo, rashin tarbiyya ne. Riƙa miƙa masa sifana.

"Ka tsufa, ka yarda," in ji Mama daga bakin ƙofa. "A kira mai gyara."

Ranar Baba bai taɓa abinci ba.

4. Yaba wa masu bincike

Baba ya manna takarda a ƙofa yana rubuta lokutan yoyon.

"Bututun nan yana da tsari," ya ce da ƙanwata. "Da sassafe, da faɗuwar rana, da bayanta kaɗan. Ranar hutu kuma sau biyar."

"Ikon Allah," ta ce.

Mai gyaran famfo ya zo, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce a cikin bango ɓarnar take, kuma wanda ya yi aikin farko bai iya ba. Baba yana tsaye a wurin.

5. Jira sai guduma ta sauka

Tayil uku aka fasa. Baba ya zauna a bakin bahon wanka. Ƙanwata ta dube shi, ta cire takalmi, ta ce da mai gyaran ya dakata. Ta ɗaga ƙafa ta nuna musu, daga farko har ƙarshe.

Mama ta dubi kwanon, ta dubi buroshinta na goge baki, ta ɗauke shi a hankali.

"Wato bututuna ba shi da laifi?" in ji Baba.

"Ba shi da laifi, Baba. Ku yafe ni."

"Faɗa mata," in ji Baba, yana nuna Mama. "Da ƙarfi, kunnenta ya yi nauyi."

Ya sallami mai gyaran. Tunda bango ya riga ya buɗe, ya kwana biyu yana jawo ƙaramin famfo daidai gwiwa, ya sa baho da 'yar kujera, sannan ya kira ta.

"Zauna in gani. Ƙafar ta kai?"

Ta kai. Ƙanwata ta daɗe tana wanke fuska kafin ta iya ɗagowa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin tayil, kafet ko zaman auren kowa, kuma ba kowane maigida ne Baba ba. Sabon famfon kuwa yana ɗiga. Mama da ƙanwata ne ke gogewa bi da bi, kafin Baba ya tashi daga barci.