Na Yi Sallama Ba Ni da Fasfo

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so in manta, Goggo Asabe ba za ta bar ni ba) da shekarar da na yi wa dangi kaf sallamar tafiya Indiya, alhali ko fasfo ba ni da shi.

Ni dai Allah bai yi ni da haƙurin jira ba. Ko ruwan shayi na ɗora sai na riƙa buɗe murfi ina masa faɗa. To ranar da saƙo ya shigo wayata cewa wata makarantar koyon aikin jinya a Indiya ta ba ni gurbi, ban ma karanta shi har ƙarshe ba na kurma ihu, kajin Inna suka watse. Kafin la'asar duk unguwarmu ta Bagadaza an ji.

Amma ku yi mini adalci. Tafiya ƙasar waje da na taɓa gani da idona ita ce ta alhazai: mutum ya kai hoto, ya zaga dangi ya nemi gafara, a kira shi sansani, a miƙa masa komai cikin jaka. Na ɗauka karatu ma haka yake. Inna ma haka ta ɗauka. Baffa, mahaifina, shi kaɗai ya ce a jira Hamma, wato yayana da ke koyarwa a Kaltungo, ya zo ya duba. Na ce Hamma ya same ni a filin jirgi.

Na ɗauki mayafi na bi unguwannin Shamaki da Dawaki gida-gida. "Na zo sallama, a yafe mini abin da na yi." Aka yi ta koke-koke, ni ma na taya. Guzuri kuwa har da yaji, kuka, daddawa, man shanu. Goggo Asabe, yayar Baffa, ta cika mini bokitin roba da dambun nama, tana sharar hawaye tana cewa, "An ce can ganye suke ci. Kada ki dawo mana kamar sillen kara."

Ran Asabar Hamma ya iso. Ya karɓi wayar ya karanta saƙon har ƙasa, abin da ni ban yi ba.

"Ina fasfonki?"

"Ba su za su ba ni ba?"

"Su wa?"

"Hukuma mana."

Dariyar da ya yi sai da ya dafa bango. Da ya gama, ya zaunar da ni ya warware mini. Sai na yi fasfo, in tura wa makaranta, su aiko da takardar da ake neman biza da ita. Sai allurar rigakafi. Sai Abuja neman biza. Sannan tikiti. Kowanne sai na gabansa ya fito. In kuma aka rufe rajista a ƙarshen damina ban iso ba, su ba wani gurbin.

Kunya ta sa na shige ɗaki na daina fita. Ya za ka haɗu da wanda ya yi maka kukan rabuwa a layin markaɗe? Ko ofishin fasfo da niƙabi na je. 'Yan layinmu sun san ina nan, amma dangin Dawaki sun riga sun ɗora ni a jirgi, ni kuma na roƙi Inna kada ta sauko da ni. (Dambun kuwa, tun a makon farko muka ga bayansa. Baƙin ciki na sa yunwa.)

Sai ga bikin aminiyata Hauwa, a Dawaki. Na ce ko ana ha-maza ha-mata sai na je. Na zumbula hijabi da niƙabi, na samu lungu na zauna da farantin shinkafata. Ban ankara ba Goggo Asabe ta shimfiɗa ɗankwalinta dab da ni, ita da maƙwabciyarta Iya Talatu.

"Ai ɗiyarmu tana Indiya," in ji Goggo, da ƙarfi don na nesa su ji. "Likita za ta zama. Malaman nasu ma da ita suke shawara."

Na sunkuyar da kai, ina jin daɗi kaɗan, ba zan ɓoye ba.

Iya Talatu ta taɓe baki. "Wai wannan mai bakin tsiyar? Allah raka taki gona, unguwa ta huta. Wa zai yarda ta yi masa allura? Ai sai ta zage shi tukuna."

Mai hankali shiru zai yi. Ni kuwa sai ji na yi bakina ya ce, "Iya, wa na taɓa zagi a gidanki?"

Har mai rabon zoɓo ta tsaya. Goggo ta juyo a hankali, ta sa yatsa biyu ta ɗage niƙabin kamar mai duba tuwo.

"La'ilaha illallahu! Har kin dawo?"

"Ban tafi ba, Goggo."

"Dambuna fa?"

"Mun cinye."

Matan nan suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa kan tabarma. Iya Talatu tana tafa hannu: "Sannu da zuwa, 'yar Indiya! Ya hanya?" Da ƙasa za ta tsage da na shige da farantina. Goggo ta ja ni bayan ɗaki, na zaci mari ne. Sai ta ce, "Ke, saurara. Na gaya wa duk Dawaki kina Indiya. Ba za ki mai da ni maƙaryaciya da furfurata ba. Ko a ƙafa ne sai kin je."

Daga ranar na yar da niƙabi, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Na kama ranar rufe rajista na riƙa lissafi da baya-baya: kafin ita tikiti, kafin tikiti biza, kafin biza takardar makaranta. A nan na gano allurar ma sai an yi ta da makonni kafin tafiya, washegari na kai hannuna. Fasfo na fitowa na tura. Rashin haƙurin nan da ake zagina da shi, shi ya yi mini rana, don na dami ofishin makarantar da waya har matar da ke ɗauka ta haddace muryata. A Abuja aka tambaye ni me ya sa nake son aikin jinya, na ba su amsa ba kwana-kwana, kamar yadda na saba.

Biza ta fito, rajista da saura. Ban gaya wa kowa ba. Na hau Keke Napep na wuce Dawaki, na tarar da Goggo a tsakar gida, Allah kuma ya taimake ni Iya Talatu na nan. Na buɗe fasfon na ɗora wa Goggo a cinya. Ba ta iya karanta boko ba, amma ta ga hotona da hatimi. Guɗar da ta rangaɗa har masallacin layin an ji.

"Talatu, matso ki gani da kyau. In ta dawo ke za ta fara yi wa allura."

Ta sake yin dambu, amma ta ƙi ba ni a gida. Ranar tafiya har tashar mota ta bi ni rungume da bokitin, sai da direba ya tada mota ya fara tafiya sannan ta turo mini shi ta taga.

Yanzu ina shekarata ta biyu, allura kuma na iya, ba na zagin kowa sai wanda ya motsa. Duk wadda ta samu gurbi ta tambaye ni shawara, abu ɗaya nake ce mata: karanta saƙon har ƙasa, kuma kada ki nemi gafarar kowa sai biza ta shiga fasfo. Dangi suna yafe laifi, amma ba sa yafe dambu.