Ranar da Na Yi wa Faifan Alhaji Gyara

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida mahaifin Rakiya a McLeansville, nan Amurka, ba. Daga aikin lodi a sito na wuce, bayana kamar an daka, amma mai neman aure ba ya cewa ya gaji.

Alhaji mutumin Damagaram ne, tsohon malamin makaranta. Ni kuwa Bakano, Faransancina bai wuce "marsi" ba. Rakiya ta riga ta ja min kunne cewa duk wanda Baba ya kunna wa fim ɗinsa, to ya fara shiga ransa. Tsohon fim ne na Faransa, baƙi da fari, wani ɗan iska na gudun 'yan sanda. Faifan tun daga Yamai ya taho da shi.

Ba a jima da kunnawa ba hoto ya fara tsalle. Mace na zaune a mota, sai ka ga kanta ya juya, ba ka ga juyawar ba. Ni da na tashi da faifan haya na unguwa, ai na san wannan ciwon. Ana kiran Alhaji a waya daga gida ya fita (gaisuwarsu ba ta ƙarewa), na ce yau zan nuna amfanina. Na zare faifan, na hura masa iska, na goga a riga. Na mayar, tsalle na nan. Na shiga banɗaki na ɗauko man goge baki, mai tsakuwa-tsakuwar nan ma, na dirje shi iya ƙarfina.

Ya dawo ya tarar ina fifita shi. Na kora bayani, har da murmushi.

Ya dube ni ya ce, "Yaro, tsallen nan shi ne fim ɗin."

Ashe daraktan da gangan ya yayyanka hoton, kuma da wannan ya yi suna a duniya. Aka mayar da faifan, inji ya ƙi karantawa. Falo sai ƙamshin na'ana'a. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, na kuma tabbata na rasa Rakiya.

An ba ni ita dai. Amma sabon faifan da na sayo, duk Asabar sai mun kalle shi, Alhaji na tsayarwa yana min bayanin kowane tsalle, ni ina fama da gyangyaɗi.

Yanzu ba na taɓa komai a gidan surukai. Rannan na ga famfon kicin na ɗiga, sai da na tambayi Hajiya ko da gangan ne.