Fatahin Sallau Tela a Gasar Kiɗan Ƙasashe Takwas

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe wannan kundi, kuma da alƙalamin girmamawa muke ambaton sadauki ɗan sadauki, amirul jaishin layin teloli na kasuwar Funtuwa, Malam Sallau ɗan Maikeke, ɗan Jatau mai allurar da ba ta taɓa ɓata ba, ɗan Barmo wanda ya ɗinke wa wani falke wando yana sanye da shi a jiki, ɗan wani bawan Allah da aka manta sunansa amma aka tabbatar shi ma tela ne. Sallau na Delu, almakashi ci-shadda, mai yanka ba awo, mai duban ƙato sau ɗaya ya san faɗin kafaɗarsa, mai yin alƙawarin Talata ya cika shi ranar Asabar ta makon sama, kuma mai kayan ya karɓa har da godiya.

Amma ba'adu, ku sani daular wannan gwarzo shago ne mai kekunan ɗinki goma sha uku, ɗaya tasa, sha biyun kuma na magidantan da duk a hannunsa suka koyi zura zare. A bangon gabas akwai kanta, a kan kantar akwai soket guda ɗaya tal, a jikin soket ɗin kuma akwai rakodar Sallau, wadda ta shekara ashirin da shida tana mulki ba hamayya. Kaset huɗu gare ta, duka na kalangu da kukuma. Ba don rakodar kanta Sallau yake ƙaunar wannan kanta ba, a'a. Akwai wani wuri a kaset na biyu inda makaɗin yake ɗaga murya, idan aka zo nan sai Sallau ya ɗaga almakashi sama, shagon gaba ɗaya ya ɗauki amshi da murya sha uku, har masu wucewa su tsaya. Wannan amshin shi ne abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa, kuma shi ne abin da yake tsoron rasawa, ko da yake da za ka yanka shi ba zai faɗa ba.

Fitina ta kunno kai wata ranar Litinin da hantsi, lokacin da rakoda ta tauna kaset. Sallau ya zaro gawar, ya zura biro a cikinta yana naɗe zaren a hankali, shago ya yi tsit na minti goma. A cikin wannan giɓi ne Tanimu, babban almajirinsa a fannin aljihu da wuyan kaftani, mutum mai 'ya'ya biyar da furfura biyu a gemu, ya zaro wata 'yar sifika mai kamar gwangwanin kifi, ya cusa cajarta a soket mai alfarma, ya danna waya. Sai ga jitar mutanen Kongo ta ɓarke a shagon da bai taɓa jin baƙon harshe ba. Innalillahi, jama'a, kafaɗu suka fara motsi. Sallau ya ɗago kai ya ga kafaɗu shida suna rawa a gabansa, ranar ko tuwon rana bai iya gamawa ba.

Kwana uku aka yi ana fafatawa a kan soket, wannan ya zare wancan ya mayar, da hannu kawai, don ba a yi wa Baba Sallau gardama da baki. Ran na huɗu Barau mai surfani, wanda rabin rayuwarsa a gidan kallon ƙwallo ta ƙare, ya miƙe ya kawo shawarar sulhu. Ya ce a yi abin kamar gasar cin kofi: ƙasashe takwas, kowace da kocinta, a haɗa su bibbiyu, kowace ta sa kiɗanta rabin lokaci na minti biyar, sannan a kaɗa ƙuri'a, wadda aka doke ta tattara ta koma gida. Wanda ƙasarsa ta ɗauki kofi, kanta da soket nasa ne har shekara ta zagayo. Sallau ya yi dariyar manya, ya ce shi ne Najeriya, kuma duk mai son ganin jana'izar ƙasarsa ya fito.

Aka rarraba tutoci. Tanimu ya ɗauki Kongo, Barau ya rungumi Indiya, sauran suka yi wawar Mali, Sudan, Nijar, Masar da Habasha, har wanda ya samu Habasha ya tambaya ko tana kusa da Makka ne. Aka zana jadawali da allin awo a bayan ƙofa. Akwatin zaɓe gwangwanin madara biyu ne a bayan labulen da ake gwada kaya, ƙuri'a kuwa maɓalli, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa nasa ya fito. Alƙalin wasa aka naɗa Inna Yalwa mai ɗanwake, wadda take kasa tukunyarta a bakin shagon, saboda ta rantse ita duk kiɗan duniya hayaniya ne a kunnenta, ba ta da ɗan gata. Usur ɗinta ludayi ne da murfin tukunya.

Kai, ina ma kuna nan ranar da aka buɗe fagen daga! Bayan azahar rundunar Masar ta yi sahu da gogenta da ƙananan gangunanta, ta yi hujumi na minti biyar cur, mawaƙinsu yana jan baƙi ɗaya tun daga nan har bakin tasha, mayaƙa suna jira ya sauka ya ƙi sauka. Sai amirul jaishi ya miƙe, ya gyara tef ɗin awo a wuyansa kamar mai rataya takobi, ya danna maɓallin rakoda da babban yatsa, ya yi kururuwar da ta tashi tantabarun rumfar masu hatsi:

“Kalangu, ci ƙasa!”

Kalangu ya ci. Inna Yalwa ta zazzage gwangwanaye a faifai ta ƙirga, tara da huɗu, Masar ta kama hanyar gida ko ruwa ba a ba ta ba. Sallau ya zagaya teburin yanka sau biyu yana kaɗa ƙyallen atamfa kore, ya taka dutsen guga bai ma ji zafi ba sai da yamma.

Sauran gumurzun zagayen farko ba za su ƙirgu a wannan ƙaramin kundi ba. Indiya ta yi wa Mali kisan gilla da sarewa da muryar wata baiwar Allah siririya, kocin Mali ya ce an yi masa maguɗi don wayarsa ta yi ƙara ana tsakiyar wasa, matarsa ce take tambayar kuɗin cefane, Inna Yalwa ta ba shi jan kati da murfin robar yaji. Sudan da Nijar suka yi artabun da sai da aka sake ƙirga, domin wani mayaƙi ya rasa wadda zai zaɓa ya raba maɓallinsa biyu da almakashi, daga ƙarshe Sudan ta haye da ƙyar. Kongo kuwa ta bi ta kan Habasha ko waiwaye ba ta yi ba. Kafin mako ya ƙare labari ya cika kasuwa, mahauta suna aiko da tambayar sakamako, masu kayan da aka yi wa alƙawari suna zuwa karɓar ɗinki su ɓuge da tsayawa kallo, ba ɗinkin ba labarinsa.

Sai wasan kusa da na ƙarshe, ranar da tarihi ya yi wa Sallau gyaran murya. Najeriya ta kara da Indiya. Gwarzon ya fito da kaset na uku, wanda ba ya fito da shi sai ranar sallah, ya saki kukuma, ya haɗa da kallon da yake yi wa mai ɗinkin da ya karkace. Barau ya saki sarewarsa, ya dafe ƙirji yana lumshe ido, abin kunya, ƙato da gemu. Aka shiga bayan labule ɗaya bayan ɗaya. Inna Yalwa ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce bakwai da shida.

An yi nasara, amma Sallau bai zagaya tebur ba. Ya zauna a kan kekensa yana bin fuskoki sha biyu da kallo, yana neman shidan da suka ci amanar kalangu, kowace fuska kuwa sumul kamar ba ita ba. Washegari Kongo ta yi wa Sudan sha ɗaya da biyu, kuma shi ya san ɗaya daga biyun nan tasa ce. Ya yi lissafi a bayan ƙyalle da alli, ya goge, ya sake, amsa ɗaya take fitowa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda yake sa dattijo ya zura zare sau biyar bai shiga ba.

A nan ne hikimar zuriyar Barmo ta motsa. Ranar wasan ƙarshe, jama'a sun cika layi har bakin kwata, kofi yana kan tebur, wato tsohon dutsen guga na gawayi da aka naɗe da ƙyallen leshi mai ruwan zinare, sai Sallau ya ɗaga hannu ya yi huɗuba. Ya ce labule mafakar munafukai ce, ya ce maɓalli ba shi da fuska, ya ce wasa mai girma irin wannan ba a yanke shi a ɓoye. Yau ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya fito ya tsaya a bayan kocin da yake so, duniya ta gani. Tanimu ya buɗe baki, ya dubi mutumin da ya koya masa riƙe almakashi, ya je masa neman aure, ya raɗa wa ɗansa na fari suna, sai ya mayar da bakin ya rufe. Inna Yalwa ce kaɗai ta ce wannan ba ya cikin doka, Sallau ya ce doka a shagon wa aka rubuta ta, ta ce to ita dai ɗanwakenta yana hucewa, a yi a gama.

Ludayi ya daki murfi. Kongo ta fara, kuma wallahi mai wannan rubutu ba zai ɓoye gaskiya don ya faranta wa kowa ba: jitar nan ta yi ɓarna. Ta shiga ta ƙarƙashin kekuna ta kama ƙafafu, fedoji suka riƙa motsi ba mai ɗinka komai, wani mahauci a bakin ƙofa ya yi juyi da wuƙa a hannu aka dare masa, Barau ya cije leɓe yana riƙe ƙugunsa da hannu biyu kada ya tona masa asiri. Sannan Najeriya ta shigo da kaset na biyu, kalangu ya yi ta maza, aka zo wurin nan, almakashi ya tashi sama, amshi ya fito, amma a raunane, kamar na mutanen da ake tambaya ko sun ƙoshi a gidan surukai.

“A ja layi!” in ji amirul jaishi.

Ya tsaya a dama, ƙirji a gaba. Tanimu ya tsaya a hagu, sifika a hannu. Mayaƙa sha ɗaya suka tsaya a tsakiya suna kallon silifas ɗinsu. Sallau tari ɗaya ya yi. Sai ga su suna jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya, mai sosa ƙeya yana sosawa, mai gyaran hula yana gyarawa, har wanda kafaɗarsa ba ta gama rawar Kongo ba, duk suka jeru a bayan Baba. Tanimu ya waiga bayansa ya ga ba kowa sai tsintsiya. Ya ɗan jima a tsaye, kunya ta rufe shi, don bai ga yadda za a yi a ce shi kaɗai ne ya tsaya yana fuskantar ubangidansa a gaban mahauta ba. Ya sa sifikar a aljihu, ya taka ya bi bayan layin shi ma.

Sha uku da nema! Ba a taɓa jin irin wannan fatahi ba tun da aka kafa layin teloli, koci ya zaɓi abokin karawarsa. Aka ɗaga Sallau sama da shi da dutsen gugar, hularsa ta faɗa tukunyar ɗanwake, aka zagaya da shi rumfar masu hatsi da ta 'yan tumatir ana kiran Najeriya, shi kuwa yana ɗaga wa talakawansa hannu, yana yafe wa Masar, yana yi wa Indiya fatan alheri a gasa ta gaba. Ya sayi ɗanwake faranti sha uku ya raba a matsayin ganima. Da ya koma gida ranar, sai da matarsa Delu ta ji labarin sau uku, na ukun tana gyangyaɗi.

Washegari ya riga kowa zuwa. Ya goge kanta, ya ɗora kofi kusa da rakoda, ya cusa wayar rakodar a soket ɗin da ya zama halalinsa na shekara guda. Mayaƙa suka iso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya yi masa barka da nasara, ya zauna a kekensa. Kekuna suka ɗauki ƙara. Kaset na biyu ya yi ta tafiya har ya kawo wurin nan, makaɗi ya ɗaga murya, Sallau ya ɗaga almakashi sama, ya ja numfashi, ya saki amshi.

Muryarsa kaɗai ya ji.

Ya duba. Kawuna sha biyu suna gyaɗawa, amma kowanne da nasa lokacin, kuma daga kunnen kowa wata 'yar farar igiya ta sauko ta shige aljihu. Ashe jiya da aka tashi, layi suka sake ja a rumfar mai kayan waya. Almakashin yana nan a sama, ya rasa yadda zai sauke shi. Tanimu ya hango hannun, ya yi maza ya zare igiyar kunne ɗaya, ya ɗan rusuna.

“Baba, magana kake?”

“A'a,” in ji Sallau. “Yi aikinka.”

Tanimu ya mayar da igiyar. Gwarzon ya sauke almakashi a hankali, ya ɗan zauna, sannan ya miƙa hannu kan kanta ya rage muryar rakodar, kada ta dami mutane.