Kujerar Marigayi

A wani daji da ke tsakanin tsauni da babban kogi, akwai kamfanin ƙera motoci wanda wani toron giwa ya kafa tun zamanin kakanni. A da motocinsa ne kaɗai a hanya, manya-manya, masu shan mai kamar ana zuba ruwa a rairayi. Toron ya rasu, aka ci gaba da kiransa Marigayi. Can sai tururuwan ƙetaren kogi suka fara ƙera nasu motocin, ƙanana, ba kwalliya, ba kuma yawan zuwa wurin makaniki. Dabbobi suka riƙa tsallakawa suna sayowa, in sun dawo su gaishe da ma'aikatan kamfani da fara'a kamar ba su yi komai ba. Cikin rumfunan aiki tara, aka rufe biyar.

Nomau dabgi ne, shekararsa ashirin da biyu yana sassaƙa kujerun mota. Ramin da yake ciki da matarsa Tasalla da 'ya'yansu shida na kamfani ne, dokar kuwa a fili take: ranar da aka rufe rumfarka, ranar za ka kwashe kayanka. Da idonsa ya ga maƙwabcinsa mai fenti zaune a bakin hanya bisa ƙullin tabarmi, yara na tambayarsa ina za a je. Tun daga ranar, in Nomau ya ga masinja ya nufo rumfarsu da takarda, sai gizago ya nemi suɓuce masa.

Wata safiya shugaban kamfani, wani ɓauna mai suna Barau, ya tara ma'aikata. Ya ce, “Jama'a, mun ji kukan daji. An ce motocinmu sun yi girma. To, ga sabuwa nan za mu yi, matsakaiciya, ta mai iyali. Mun raɗa mata suna Rufin Asiri. In ta karɓu, mun tsira gaba ɗaya. In kuwa ba ta karɓu ba...” Sai ya tsaya ya kori ƙuda da jela, bai ƙarasa ba. Aka tafa.

Aka rage tsawon mota, aka rage faɗinta, aka rage taya da inji. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba. Ranar da Marigayi ya kafa kamfani, gajiya ta sa ya zauna a kan ɗanyen yumɓu, sai shatin zamansa ya fito. Aka gasa yumɓun aka ajiye a zauren majalisa, kuma tun daga lokacin duk kujerar direba da shi ake auna ta. Ba wanda ya rubuta wannan a matsayin doka, shi ya sa ma ba a san ta inda za a soke ta ba.

Nomau ya sassaƙa kujera yadda ya saba, aka saka ta da ƙyar. Ta cinye mota daga wannan ƙofa zuwa waccan, wurin zaman baya ya rage bai fi taki ɗaya ba. Da abokan aiki suka tafi cin abincin rana, ya lallaɓa ya hau. Sai ya nutse. Rufi yake gani da ƙasan sitiyari, ƙafarsa kuwa tana lilo, tsakaninta da birki tafiya ce.

Da yamma Tasalla ta ajiye masa ƙwaryar gara, ya zuba mata ido bai taɓa ba.

Ta ce, “Baban Kande, ko dai an kawo takardar?”

“Ba a kawo ba tukuna.” Ya kwashe labarin kujera ya gaya mata.

“To ka faɗa musu mana. Bakinka ciwo yake?”

“In faɗa wa wa? Wanda ya ce a rage ƙarar ham ɗin mota bara, yanzu rake yake sayarwa a tasha. In na yi shiru, mu duka za mu nutse tare. In na yi magana, ni kaɗai za a kora.”

Ta ce, “Kai kaɗai? Mu takwas ne, Malam. Amma ko ta ina aka bi, bakin hanyar dai guda ne. Gara ka faɗa, ko Allah zai sa wani ya ji.”

Al'adar kamfani ce, kafin a kai sabuwar mota kasuwa, babban kowace rumfa ya shiga majalisa ya durƙusa ya ce, “An gama lafiya.” Da aka zo kan Nomau, babban rumfar kujeru, ya durƙusa.

Ya ce, “Ranku ya daɗe, ni ban yi karatu mai zurfi ba, itace kawai na sani. An gama, amma ba lafiya ba. Motar ta barewa ce, kujerar ta giwa. Na hau da kaina, ban ga hanya ba, ban taka birki ba. Mai iyalin da muke nema, in ya zauna ba zai ga gabansa ba, 'ya'yansa kuma ba su da wurin zama. Ku ba ni kwana goma in sassaƙa wata daidai jikin masu saye. Ba raini ba ne. Tsoro nake ji.”

Malam Cindo hawainiya, mai kula da talla, ya dubi shugaba da ido ɗaya, ya dubi yumɓu da ɗayan, har ya gane inda iska ta nufa, sannan ya yi launin toka irin na ɓauna.

Ya ce, “Allah ya ja zamanin shugaba, Nomau ya yi magana iya saninsa. Abin da bai sani ba, mai sayen motarmu ba wurin zama yake saye ba. Tarihi yake saye. Kowa na iya zama a kujerar da ta yi masa daidai, ko a gidansa akwai ta. Amma zama inda Marigayi ya zauna, wannan sai a wurinmu. In barewa ta nutse a ciki, ai cikin daraja ta nutse.”

Barau ya gyaɗa kai. Ya ce, “Mun ji koke, kuma kamfanin nan ba ya ƙin gyara. Na gaba.”

Kwana huɗu Nomau yana jiran takarda, ko ganye ya faɗi sai ya waiga. Ba ta zo ba har ranar kasuwa.

Aka jera Rufin Asiri guda goma sha biyu a gindin rimi, sai ƙyalli suke. Gaskiya motar ta yi kyau daga waje, har wasu suka ce kamfani ya farfaɗo. Wata barewa mai suna Lantana ta zo da 'ya'yanta huɗu, ta zagaya mota sau biyu, ta buɗe ƙofa ta shiga. Sai aka daina ganinta, ƙahonta kaɗai ke leƙowa.

Muryarta ta fito daga ciki. “Malam, ina hanyar take?”

Cindo ya ce, “Tana nan gabanki, Hajiya, ba inda ta je.”

“To ni ina nake? Yaran kuma a aljihu zan zuba su?”

'Yan kallo suka fashe da dariya. Nomau ya ji kamar rufin raminsa ne ke zubowa. Ya ruga rumfa ya kwaso buhunan audugar rimi da yake durƙusawa a kai in yana aiki, ya cusa mata biyu a ƙasa, biyu a baya. Kan Lantana ya ɓullo ta gilashi.

Ta ce, “Yauwa, ga duniya! Motar dai sai na yi shawara da maigida. Amma wannan matashin na sayarwa ne? Tawa ta ƙetare ce, kujerarta tauri gare ta.”

Washegari majalisa ta zauna. Cindo ya bayyana cewa matashi yana cikin tsari tun farko, lokacin fito da shi ne kawai bai yi ba. Aka yanke cewa kowace Rufin Asiri za ta riƙa fita da matasai huɗu. Nomau kuwa, tunda ya nuna ba ya ƙaunar sassaƙa, aka karɓe gizagonsa aka ba wani, aka buɗe masa 'yar rumfar ɗinkin matashi a bayan kamfani.

Damina ta zo ta wuce. Motoci suka yi ta zama a fili har zabi suka fara ƙwai a ƙarƙashinsu. Aka sake rufe rumfa biyu. Ta Nomau ba a taɓa ta ba, don a takarda matashi sashen mota ne, kuma ko ba komai shi kaɗai ne kayan kamfanin da ake zuwa nema. Duk da haka bai daina waige ba.

Sai aka ɗauko wani tunku mai suna Arzika daga nesa, don ya gano abin da ke damun kamfani. Kwana biyu ya yi yana leƙe-leƙe, a na uku ya sa aka kira Nomau gaban majalisa.

Ya ce, “Baba, an gaya mini kai ka fara faɗa. Na auna, na ga gaskiyarka. In aka sassaƙa kujera daidai jikin masu saye, motar nan za ta iya karɓuwa, a huta da wannan abin kunya na matashi, a rufe rumfar matashin. Su ba za su ji daga bakin baƙo ba. Ka maimaita musu abin da ka ce bara.”

Nomau ya durƙusa. Ya san tunku bai yi ƙarya ba, ya kuma san in kamfani zai tashi, ta nan zai tashi. Amma tashin kamfani sai a yi damina biyu ana jira, kuma ba tabbas. Kwashe kaya daga rami yini ɗaya ne. Gizagonsa yana hannun wani, ba kuma wanda ya ce za a mayar masa. Barau ya yi gyaran murya.

Nomau ya ce, “Ranku ya daɗe, bara ban san aiki ba. Kujerar lafiyarta ƙalau. In ma da gyara, sai dai a ƙara matashi ya zama biyar.”

Majalisa ta yaba ƙwarai, aka ce a duk ma'aikatan kamfanin ba wanda ya ƙaru da ilimi cikin shekara guda kamar Nomau.