Dokar Ƙirga Ƙafa

A wani daji da ke bayan duwatsu akwai wata fadama da sarƙaƙiya ta kewaye, ƙofarta ɗaya tak. A ciki dabbobi ke shan ruwa, a ciki kuma zabi ke saka ƙwai duk damina. Tunku ne Sarkin Ƙofa. Ya samu sarautar ne shekarar da wani kumurci ya shiga ya shanye ƙwai, Tunku ya kashe shi a bainar jama'a, sannan ya kawo wa majalisa doka: mai jan ciki ba ya shiga, mai ƙafa ya wuce. Tun daga ranar ya riƙi dokar nan kamar ɗan cikinsa, wanda ya taɓa ta ya taɓa shi.

Da labarin zaman lafiyar fadamar ya bazu, baƙi suka yi ta kwarara, layi ya kai har gindin duwatsu. Majalisa ta so ta ba shi mataimaka, ya ce shi kaɗai ya isa. A da yakan tambayi kowa daga ina yake, wurin wa ya zo. Yanzu sai ya leƙa ƙarƙashin ciki kawai, in ya ga ƙafa ya ɗaga hannu. Marasa ƙafa irin su Tana da Dodon Koɗi, waɗanda ba su taɓa cutar kowa ba, sun sha kora, har da wa'azi a kai.

Wata rana da hantsi Guza ya iso ƙofa, ya yi gaisuwa irin ta masu ladabi. Tunku ya ga harshen nan mai reshe biyu yana leƙowa, ya ji ƙarnin ƙwai a bakinsa, gashin wuyansa ya miƙe. Amma layi na ta gunaguni a baya, kuma tsai da baƙon nan yana nufin dokarsa tana da ɓaraka. Ya sunkuya ya ƙirga ƙafa huɗu cif, ya ce masa ya wuce.

Wata dattijuwar Zabuwa ta bar ƙwanta, ana gab da ƙyanƙyasa, ta fita kiwo hankali kwance tunda akwai mai tsaro. Da ta dawo, ɓawo ta tarar. Guza kuwa ta ƙofar ya fita, ciki na jan ƙasa, har Tunku ya yi masa a sauka lafiya.

Majalisa ta zauna. Ɓauna, shugabanta, ya tambaya ko an karya doka. Aka bincika aka ga ba a karya ba, kowa ya yi ajiyar zuciya, aka wanke Sarkin Ƙofa tas, har wani ya kawo shawarar a ƙara masa girma. Tunku ya ji da ma duka aka yi masa. Sai Zabuwa ta matso, muryarta a dushe.

"Sarkin Ƙofa, ban zo ƙara ba. Abu ɗaya nake so in sani. Da ya tsaya gabanka, ka gane shi?"

Kunya ta rufe Tunku, ya kasa kallonta. "Na gane shi, Gwaggo."

Ya juya wurin Ɓauna. "Ranka ya daɗe, dokar nan don maciji na yi ta, kuma macizai sun daɗe da daina zuwa. Masu ɓarna sun san abin da nake dubawa. A buɗe ƙofa ta biyu, a ba ni mataimakan da na ƙi. A riƙa tambayar baƙo abin da ya kawo shi, a bi sawunsa in ya shiga. Kowace damina a sake duba dokar tun kafin a saka ƙwai, kada a jira sai an ga ɓawo."

Ɓauna ya daɗe yana tuƙa. "Ka yi magana mai kyau, Sarkin Ƙofa, Allah ya yi albarka. Sai dai doka ta yi aikinta, shaidu sun tabbatar. Ba ma so baƙi su ce majalisarmu ba ta da tsayayyar magana. Daga yau an hana Guza shiga. Sauran bayaninka a bar shi sai zama na gaba."

Aka yi ta tafi. Tunku ya ɗaga kai don kada a ga idonsa, sai ya hangi Hankaka a kan wani reshe, daidai saman sheƙunan da suka rage. Bai taɓa ganinsa a layi ba. Duk taron babu wanda ya kai shi tafi.