Furotin Mara Haƙora

A wata jami'a da ba zan kama sunanta ba, akwai wani tsohon farfesa da ya yi ritaya tun tuni, amma kullum sai a sabunta masa kwantiragi. Ba ya shiga aji, rabonsa da ɗakin gwaji kuwa tun ana rubutu da alli. Sai dai dokar sashen ta ce ba ɗalibin da zai karɓi digiri na biyu sai farfesa ya sa hannu, kuma shi kaɗai ne farfesa a wurin. Ranar kare bincike yakan zo ya kame a kujerar tsakiya, ya yi ta gyangyaɗi har sai ƙamshin shinkafar da ɗalibai suka kawo ya tashe shi.

Ran nan layi ya zo kan Suwaiba, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana leƙen amiba, ƙwayar halittar nan ta cikin ruwa da laka da ba a gani sai da madubin likita. Ta ce ta samu wani furotin, wato irin sinadaran da ke gudanar da ayyukan jiki, a cikin amibar, mai kama sak da 'yan'uwansa masu aikin yanke sinadarin fosfet daga jikin wasu furotin. Kakanninsa suna yanka, shi kuwa haƙoransa sun zube tun zamanin da. Duk da haka amibar ba ta yar da shi ba, kuma da Suwaiba ta cire shi sai komai a jikin amibar ya tsaya cik.

Daidai nan aka shigo da kulolin abinci, Baba Farfesa ya farka. Wutsiyar bayanin kawai ya kama, amma ya gyara hula ya ce wannan shirme ne, halitta ba ta ajiye abin banza. Malamin Suwaiba, tsabar tsoro, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Ta sake bayani a hankali, tsoho ya ce atafau bai gamsu ba, ya mayar da marfin bironsa ya rufe.

Ya ce, "Yarinya, ba zan sa hannu ba sai kin gaya mini a taƙaice. Abin da ya tsufa, haƙora sun zube, ba ya yanka, sai zama kawai, mene ne amfaninsa?"

Suwaiba ta dubi biron, ta dubi mai biron, ta rusuna cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, ba ya tsinana komai. Amma sai ya sa hannu ake wucewa."